Tarihin Kalmar Bitamin da Iyakar Abin da Ta Ƙunsa

Kalmar bitamin ta daɗe da samun wurin zama cikin Hausa. Ana jin ta a bakin malaman asibiti, ana jin ta wajen awon ciki da awon yara, mai tallan magani a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ma ya san ta. Galibi idan Bahaushe ya ce a sayo masa bitamin, abin da yake nufi shi ne ƙwaya ko ruwan magani mai ƙara ƙarfi da sa cin abinci. Wannan ma'ana ta wadatar a kasuwa. Amma wanda aka ɗora wa aikin rubuta ƙamus, ko ɗan littafin kiwon lafiya domin azuzuwan manya, tilas ne ya san inda kalmar ta fara da inda ta tsaya, domin abin da ya rubuta shi malami zai karantar, shi kuma uwar yara za ta ɗauka ta kai gida.

Littattafan likitanci na yau suna ƙirga bitamin 13: A, C, D, E da K, sa'an nan guda 8 na rukunin B, watau B1, B2, B3, B5, B6, B7, B9 da B12. Wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga giɓi a cikinsa. Daga E an tsallaka zuwa K, babu F, babu G, babu H. Cikin rukunin B kuma babu 4, babu 8, babu 10 da 11. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin tarihin giɓin nan. Za mu ga cewa sinadaran nan 13 ba dangin juna ba ne ta wajen ƙira, kuma abin da ya tara su ƙarƙashin suna guda shi ne hanyar da aka bi aka gano su, watau ta ganin ɓarnar da rashinsu ke yi.

Kafin a sami suna

An san magani tun kafin a san dalili. Cikin 1747 wani likitan jiragen ruwan yaƙi na Ingila, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da sikorbu, cutar da ke ruɓar da dasashi ta hana rauni warkewa, ya raba su biyu biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda suka sami lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo cikin ƴan kwanaki. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta fara raba wa matuƙanta ruwan lemo a kai a kai, kuma Lind kansa bai taɓa cewa wani abu ne ya rasa cikin abinci ba.

Cikin ƙarni na 19 masana sun tsaya a kan cewa jiki yana bukatar furotin, da mai, da sitaci ko sukari, da gishirin ma'adinai, da ruwa, shi ke nan. Bayan haka binciken Pasteur da na Koch ya sa likitoci suka koma neman ƙwayar cuta a bayan kowane ciwo. Tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu babu gurbin ciwon da rashi ke kawowa. Shi ya sa a 1881, sa'ad da Nikolai Lunin ya ciyar da ɓeraye da sassan madara da aka ware aka tace, suka mutu, alhali masu shan madarar kanta suna nan lafiya, ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba, ko da yake ya faɗa ƙarara cewa akwai wani abu kaɗan cikin madara wanda ba a sani ba tukuna.

Cutar da ta buɗe ƙofa ita ce beriberi, mai kashe jijiyoyin ƙafa, ta kumbura jiki, ta raunana zuciya. Ya kamata mu faɗa tun nan, domin mai karatu na ƙasarmu, cewa sunan nan ba shi da wata alaƙa da Barebari maƙwabtanmu. Daga Asiya ya fito, ana danganta shi da harshen Sinhala na tsibirin Siri Lanka, dacewar sauti ce kawai. Cutar ta yi ƙamari a gabashin Asiya bayan da injin casar shinkafa ya yaɗu, farar shinkafa ta yi araha. A Japan, likitan soja Takaki Kanehiro ya canza abincin matuƙa cikin 1884, ya rage shinkafa ya ƙara nama da madara da sauransu, cutar ta kusa ɓacewa daga jiragen. Ya dace da magani, amma ya zaci ƙarancin furotin ne sanadi.

A tsibirin Jawa, wanda a lokacin yake hannun Holan, an tura Christiaan Eijkman cikin 1886 domin ya taya neman ƙwayar cutar. Bai same ta ba. Abin da ya samu wajen 1890 shi ne kajin ɗakin gwaje-gwajensa sun kamu da wani ciwo mai kama da beriberi, suna tangaɗi suna faɗuwa, sa'an nan bayan ƴan watanni suka warke ba tare da an yi masu kome ba. Da ya bi sawu sai ya tarar cewa a watannin ciwon ana ba su ragowar dafaffiyar farar shinkafa ta asibitin soja ne, har aka kawo sabon kuku wanda ya ƙi yarda a ba kajin farar hula shinkafar soja, aka koma ba su wadda ba a surfe ba. Abokin aikinsa Vorderman ya bi gidajen kurkukun Jawa ya ƙirga: inda ake cin farar shinkafa, mutum 1 cikin 39 yana da cutar, inda ake cin mai dusa, kimanin 1 cikin 10,000. Sai dai Eijkman ɗan zamaninsa ne. Ya fassara abin da cewa akwai guba cikin ƙwayar shinkafa, dusar kuwa makarinta ce. Magajinsa Gerrit Grijns ne, a 1901, ya juya maganar: babu guba ko kaɗan, akwai dai wani abu cikin dusa da jiki ba ya iya rayuwa sai da shi. A ganinmu a nan ne ma'anar bitamin ta samu, shekara 11 kafin kalmar kanta.

Suna da haruffa

Kalmar ta fito ne a 1912 daga alƙalamin Casimir Funk, mutumin Folan mai aiki a Cibiyar Lister ta Landan. Ya tace wani abu daga dusar shinkafa wanda ke warkar da tantabaru masu beriberi, ya ga akwai naitirojin a ciki, sai ya haɗa kalmar Latin "vita", watau rai, da "amine". Amin ɗin nan ba ta addu'a ba ce, sunan wani rukuni ne na sinadarai masu ɗauke da naitirojin. Funk ya ƙara da hasashen cewa beriberi da sikorbu da felagara, watakila har da ciwon lanƙwashewar ƙashin yara, kowannensu rashin wani "vitamine" ne. Hasashen ya yi daidai, amma sunan ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. A shekarar nan dai Frederick Hopkins na Kambirij ya nuna cewa ƴaƴan ɓeraye masu cin tataccen abinci suna daina girma, amma madarar da ba ta cika cokalin shayi ba a yini tana mayar da su kan hanya. Shi bai yi amfani da kalmar Funk ba, ya kira su abubuwan taimako na cikin abinci. Shi da Eijkman suka raba kyautar Nobel a 1929, Funk bai samu ba.

Haruffan kuwa daga Amurka suka zo. A 1913 Elmer McCollum da Marguerite Davis a Wiskonsin suka gano cewa man shanu da gwaiduwar ƙwai suna da wani abu mai sa girma wanda man zaitun ba shi da shi. Tun da ba a san ƙirarsa ba, a 1916 McCollum ya kira shi A mai narkewa cikin mai, ya kira na dusar shinkafa B mai narkewa cikin ruwa. Haruffan nan alama ce ta wucin gadi, kamar yadda mai lissafi ke sa harafi a gurbin adadin da bai sani ba. Cikin 1920 Jack Drummond ya ba da shawarar a haɗa hanyoyin biyu: a riƙe kalmar Funk domin ta riga ta kama baki, a cire wasalin ƙarshe domin a raba ta da amin, a riƙa lanƙaya mata haruffa. Ya yi gaskiya, domin A, C, D, E da K babu naitirojin ko ɗis a cikinsu. Faransanci bai bi shi ba, har yau yana rubuta kalmar da wasalinta. Hausa kuma, da ba ta da harafin farko na kalmar, ta mayar da shi b.

Daga nan aka shiga tsere. E a 1922, daga binciken Evans da Bishop kan ɓerayen da ba su iya riƙe ciki. K daga binciken da Henrik Dam na Danmak ya fara a 1929 kan ƴan tsaki masu zubar jini, harafin kuwa daga kalmar daskarewar jini a harshen Jamus da na ƙasarsa ya ɗauko shi, ba daga jeri ba. Na ƙarshe shi ne B12, wanda aka tace daga hanta a 1948. Tun daga shekarar nan ba a ƙara ko ɗaya ba.

Sharuɗɗan ma'ana da inda suke yoyo

Ma'anar da aka tsaya a kanta tana da sharuɗɗa huɗu. Bitamin sinadari ne mai tushen kabon irin na masu rai, wannan ya fitar da ƙarfe da aidin da alli, waɗanda ma'adinai ne. Ana bukatarsa kaɗan, ba ya ba da kuzari kamar tuwo, ba a gina tsoka da shi kamar furotin. Jiki ba ya iya yin sa, ko ba ya yin abin da ya isa, don haka sai an ci. Rashinsa kuma yana kawo wani ciwo sananne wanda ke warkewa idan an mayar da shi. "Kaɗan" ɗin nan ma ba awo ɗaya ba ne: abin da ake so babban mutum ya samu na bitamin C a yini ya kai miligiram 75 zuwa 90, na B12 kuwa giram ɗaya tak zai ishe shi fiye da shekara 1,000.

Sharaɗi na uku shi ne mai wuya, domin yana sa a tambaya: jikin wa? A 1907 Holst da Frølich na Norwe suna neman kawo beriberi a jikin dabba mai shayarwa, suka zaɓi ɓeran Masar, suka ciyar da shi da tsabar hatsi, sai sikorbu ta fito maimakon abin da suke nema. Sa'a ce suka yi. Da kare ko ɓeran gida suka ɗauka, da babu abin da za su gani, domin yawancin dabbobi suna yin sinadarin nan da kansu daga sukari. Mutum, da yawancin birai, da ɓeran Masar, da jemagu da dama ne suka rasa wannan iko. Saboda haka abin da Albert Szent-Györgyi na Hangare ya tace a 1928, aka tabbatar a 1932 cewa shi ne maganin sikorbu, bitamin ne ga makiyayi amma ba bitamin ba ne ga akuyarsa. Saniya da tunkiya ma ba su bukatar a ba su rukunin B, domin ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu suna yi masu; abin da suke bukata daga ciyawa shi ne ma'adinin kobalt, wanda da shi ake ƙera B12. Ashe kalmar ba ta faɗin abin da sinadari yake, dangantakarsa da wata halitta take faɗi.

Bitamin D ya fi kowanne karya sharaɗin. A 1919 Edward Mellanby ya tsare ƴan kwikwiyo cikin ɗaki, ƙafafunsu suka lanƙwashe, ya warkar da su da man hantar kifi. McCollum ya nuna a 1922 cewa abin da ke yin wannan aiki ba A ba ne, ya ba shi harafi na huɗu. Amma a 1919 ɗin nan Kurt Huldschinsky a Barlin ya warkar da yara daga ciwon ba tare da canza abincinsu ba, ta haska masu wata fitila mai haske irin na rana. An ɗauki shekaru kafin a daidaita maganganun biyu. Fatar mutum da kanta take yin sinadarin idan rana ta taɓa ta, hanta ta sake shi, ƙoda ta ƙarasa shi, jini ya kai shi hanji ya ba da umarnin tsotsar alli daga abinci. Wannan aikin homon ne, watau saƙon da wata gaɓa ke aika wa wata, kuma an tabbatar da haka wajen 1970 da 1971. Da a ƙasar rana aka fara binciken, da wuya a sa shi cikin jerin. Ya shiga ne domin a biranen Turai masu hayaƙi da dogon hunturu aka gano shi. Wannan magana tana da amfani a wajenmu. Gwajin da Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yara masu gwame da bakan ƙafa a can sun fi warkewa da alli, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, fiye da bitamin D shi kaɗai. Marubucin da ya kwafo daga littafin Turai cewa lanƙwashewar ƙashi rashin bitamin D ne kawai, ya bar rabin gaskiya.

B3 ma yana da irin wannan aibu. An san sinadarin a ɗakin gwaje-gwaje tun 1867, amma sai a 1937 Conrad Elvehjem ya nuna shi ne maganin felagara, cutar masu dogara da masara kaɗai. Daga baya aka gane jiki yana iya ƙera shi daga wani sashe na furotin mai suna tiriftofan, kimanin miligiram 60 na wannan su ba da 1 na wancan. Mai samun nono da nama da wake isassu ba ya rasa shi.

Waɗanda aka kora

Yanzu mu koma kan giɓin. Waɗansu haruffa sun ɓace ne domin an gane abu ɗaya aka raɗa wa suna biyu: G shi ne B2, H shi ne biyotin, M kuwa, wanda aka samo daga gwaji kan birai, shi ne B9, wanda Lucy Wills ta fara bin sawunsa a 1931 wajen mata masu ciki a Bombai. Rukunin B kansa ya samu ne da aka gane cewa "B" na McCollum tarin abubuwa ne dabam dabam da suka taru cikin dusa da yis da hanta. Lambobin da aka zubar, irin su 4 da 10, na abubuwan da aka tarar jiki yana yin su ne, ko mutum ba ya bukatarsu daga abinci, ko gauraye ne na waɗanda aka riga aka sani.

F ya faɗi ta wata hanya. George da Mildred Burr sun nuna a 1929 cewa akwai nau'in mai da jiki ba ya iya yi, kuma rashinsa yana kawo ciwo. Ya cika sharaɗi na uku da na huɗu, amma ana bukatarsa giram giram, ana gina jiki da shi, sai aka mayar da shi cikin dangin mai. P, wanda Szent-Györgyi ya gabatar a 1936 daga ɓawon lemo da barkono, an soke shi a 1950 domin an kasa nuna ciwon da rashinsa ke kawowa. Kyautar Nobel da mai shi ya samu a 1937 ba ta cece shi ba. Kanitin kuwa an kira shi BT domin wata tsutsar gari ba ta girma sai da shi, amma mutum yana yin nasa. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa shiga ba, ƴan kasuwa ne suka lanƙaya masu lamba. Mafi haɗarinsu shi ne wanda ake sayarwa da sunan B17 a ce maganin ciwon daji ne. Daga ƙwallon wani ɗan itace ake fitar da shi, yana sakin gubar sayanaid cikin jiki, gwajin da aka yi a Amurka aka buga a 1982 kuma bai nuna yana da amfani ba.

Guda ɗaya ya rage a bakin ƙofa, shi ne kolin. Hanta tana yin sa amma ba ya isa, kuma wanda aka hana shi hantarsa takan yi kitse. A 1998 hukumar masana abinci ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da tilas a samu daga abinci, miligiram 550 ga namiji, 425 ga mace. In da adalci za a bi, hujjarsa ba ta gaza ta B3 ba. Abin da ya hana shi harafi, a ganinmu, bai wuce yawan abin da ake bukata da kuma makara ba: ya zo bayan an rufe littafi.

Akwai wata wahala ta daban wadda ta fi shafar mai fassara, ita ce harafi ɗaya ba sinadari ɗaya ba ne. E nau'i 8 ne, K iri biyu ne a halitta, na ganye da wanda ƙananan halittu ke yi. A kuwa, wanda rashinsa ke kawo dundumi, cikin hanta da man shanu da ƙwai yake a shirye. Abin da ke cikin manja da mangwaro da karas da ganyen zogale karotin ne, wanda Thomas Moore ya nuna wajen 1930 cewa jiki ne ke juya shi ya zama A, kuma ba ya tsotsuwa sosai sai da mai cikin miya. Tun da Nijar ta fara haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna a 1997, iyaye da yawa sun san shi ne a matsayin ɗigon da ake matsa wa yaro a baki. Littafin da ya ce masu zogale yana da bitamin A, bai ambaci mai ba, ya faɗi abin da ba ƙarya ba ne amma bai isa a yi aiki da shi ba.

Lambobin ma ba su daidaita tsakanin harsunan da muke ɗebowa daga cikinsu ba. Biyotin, wanda littattafan Ingilishi ke kira B7, na Faransanci B8 suke kiransa. B3 kuma a takardun Faransanci sau da yawa PP ne. Don haka ɗan littafin da aka shirya a Yamai da wanda aka shirya a Kano suna iya ba abu ɗaya lamba biyu, mai karatu a Maraɗi kuwa duka biyun suna zuwa hannunsa. Haka harafin C: malamin asibiti na nan zai ce "se", na ƙetaren iyaka ya ce "si", ɗalibin ajin manya kuma wanda ya koyi baƙaƙen Hausa zai karanta shi da sautin da ke farkon kalmar ciki. Shawararmu ita ce a ƙamus a rubuta harafin yadda yake a kan kwalin magani, a biyo shi da sunan sinadarin cikin rubutun Hausa, kuma inda lambar Faransanci ta saɓa da ta Ingilishi a kawo su duka biyu.